Zaɓen Masauki a St. Louis: Unguwar da Ta Fi Dacewa da Baƙo, da Tarkon Mazambata

Duk wanda tafiya ta kama shi zuwa St. Louis, birnin da ke gaɓar yamma ta kogin Misisipi a jihar Missouri ta Amurka, ko karatu ne ya kai shi Jami'ar Washington ko Jami'ar Saint Louis, ko jinyar ɗan'uwa a asibitin Barnes-Jewish, ko kuwa hutu ne ya ɗauko shi daga Chicago a jirgin ƙasan Amtrak, tafiyar da ke cin kimanin awa 5, babu shawarar da za ta taɓa aljihunsa da kwanciyar hankalinsa kamar unguwar da zai sauka. Wuraren kallo ba su da wuyar zaɓe, domin mafi kyawunsu ma kyauta ake shiga. Masauki shi ne inda kuɗi ke zurarewa, kuma nan ne mazambata suka ɗana tarkonsu. Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne: baƙo ya nemi ɗaki a gefen Forest Park, babban dandalin shaƙatawa na birnin, ta ɓangaren unguwar Central West End, sauran unguwannin kuwa ya riƙa leƙa su da rana yana dawowa.

Akwai wani abu na tarihi da ya wajaba a fahimta tun farko, domin shi ne tushen yawancin ruɗanin da baƙi ke faɗawa. Faransawa masu fataucin fatu, Pierre Laclède da Auguste Chouteau, su suka kafa garin a 1764, suka raɗa masa sunan Sarki Louis na 9 na ƙasarsu. A 1876 birnin ya ɓalle daga gundumar da ke kewaye da shi, saboda mutanensa ba su so harajinsu ya tafi wajen gyaran karkara ba, kuma tun daga lokacin iyakarsa ta tsaya cik. A 1950 mutum fiye da 850,000 ne ke zaune a cikin wannan iyaka, amma ƙidayar 2020 ta sami kimanin 300,000 kawai, alhali yankin gaba ɗaya yana da kusan miliyan 2.8. Ke nan akwai birnin St. Louis mai unguwanni 79, akwai gundumar St. Louis mai ƙananan garuruwa kusan 90, sannan a hayin kogi akwai East St. Louis, wanda ba ma a jihar Missouri yake ba, a Illinois yake. Gidan waya kuwa yana rubuta sunan St. Louis a kan adireshin wurare da yawa na gundumar, har waɗanda ke da nisan gaske da duk abin da baƙo ya zo gani.

Saboda haka ma'aunina na farko shi ne cikakken adireshi kafin a biya ko sisin kwabo. Na biyu shi ne kusanci da tashar MetroLink, jirgin cikin gari da ya fara aiki a 1993, mai layi biyu, Ja da Shuɗi. Jan layin shi ke tasowa daga filin jirgin sama na Lambert, ya haɗu da shuɗin a tashar Forest Park-DeBaliviere, su ratsa Central West End da tsakiyar gari tare, su haye kogi zuwa Illinois. Na uku shi ne ko ana ganin jama'a a kan titi bayan magariba, na huɗu kuma abinci, tunda wannan gari ne da ke alfahari da gasasshen haƙarƙarin alade, wanda bai dace da yawancinmu ba. Kyan ɗaki da faɗin gado suna can baya a lissafina.

Tsakiyar gari ita ce zaɓin da kowa ke fara tunani, saboda Gateway Arch, bakan ƙarfen nan da ya zama tambarin birnin. Abin ya cancanci gani, ba na musu. Tsawonsa ƙafa 630 ne, wato mita 192, kuma tazarar da ke tsakanin ƙafafunsa biyu ita ma daidai haka take. Eero Saarinen ne ya zana shi, amma ya rasu a 1961 bai ga kammaluwarsa ba, domin sai 28 ga Oktoba 1965 aka ɗora guntun ƙarshe. Bayan binciken tsaro irin na filin jirgin sama, mutum zai shiga gidan tarihin da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda aka sabunta a 2018 kuma ba a biyan kuɗin shigarsa, sannan mai tikiti ya bi layi zuwa ƙananan akwatunan da ke hawa da mutane. Kowane akwati kujeru 5 gare shi, ƙofarsa gajeruwa ce har sai an sunkuya, gwiwar mutum tana gugar ta maƙwabcinsa, kuma yana tafiya yana gyara zamansa da ƙara ƙas-ƙas har tsawon minti 4. A can sama ɗaki ne siriri mai ƙananan tagogi 16 a kowane gefe, sai an kwanta da ƙirji a kan dakali kafin a leƙa. Ta gabas ana ganin kogi da rumbunan hatsin Illinois, ta yamma kuma filin wasa na Busch da Tsohuwar Kotu. Mai fama da gwiwa, ko wanda ƙuntataccen wuri ke tayar wa hankali, ya tsaya ƙasa, kuma keken guragu ba ya kaiwa sama.

Ita Tsohuwar Kotun, a wurina, ta fi hawan nauyi. A nan ne bawan nan Dred Scott da matarsa Harriet suka shigar da ƙarar neman 'yanci a 1846, shari'ar da ta ƙare a Kotun Ƙolin Amurka a 1857 da hukuncin cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, kuma a kan matakalar ginin an taɓa yin gwanjon bayi. To amma duk wannan aikin rabin yini ne. Da zarar ma'aikata sun tashi, in dai ba ranar wasan Cardinals, ƙungiyar ƙwallon baseball ta garin, ba ce, tituna da yawa na tsakiyar gari sukan yi tsit, otal kuma zai caji kuɗin ajiye mota na kowane dare daban da kuɗin ɗaki. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya biya tsada don ya kwana kusa da abin da sau ɗaya zai hau ba, alhali jirgi na sauke shi a tashar Laclede's Landing ko 8th & Pine cikin 'yan mintuna. Yawon awa ɗaya a jirgin ruwa ma ban ba da shawararsa ba, domin gaɓar kogin ta masana'antu ce da kwale-kwalen dakon kaya, kuma wanda ya taka gadar Eads ta 1874 da ƙafa zai ga fiye da haka ba tare da ya biya komai ba.

Sauran masu takarar ba sa buƙatar dogon bayani. Union Station, tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta 1894, gini ne mai kyau da aka cika da gidan kifaye da ƙaton lilo mai tsawon ƙafa 200, kowanne da tikitinsa. Soulard tana da tsohuwar kasuwar manoma, amma unguwar mashaya ce da ke maƙwabtaka da kamfanin giya na Anheuser-Busch, mai son barci da wuri ba zai ji daɗinta ba. The Hill unguwar Italiyawa ce, har famfunan kashe gobara an yi musu fenti da launin tutar Italiya, sai dai ba jirgi, kuma dole a tambayi naman da ke cikin kowane abinci. Delmar Loop ta ɗalibai ce da kaɗe-kaɗe, a je da yamma a dawo. Clayton ta lauyoyi ce da ma'aikatan banki, tsaf-tsaf, ga tsada. City Museum kaɗai zan keɓe: tsohuwar masana'antar takalma ce da Bob Cassilly ya mayar gidan wasa a 1997, da ramuka da kejin ƙarfe da sulu mai hawa 10 da motar makaranta da ke leƙowa daga kan rufi. Mai yara ya biya ba zai yi nadama ba, amma a tafi da wando da rufaffen takalmi, domin doguwar riga ko abaya za ta maƙale tun a ramin farko.

Forest Park kuwa wani abu ne daban. An buɗe shi a 1876, faɗinsa kimanin eka 1,300, ya zarce Central Park na New York mai eka 843 nesa ba kusa ba, kuma a nan aka yi Baje Kolin Duniya na 1904, shekarar da birnin ya karɓi wasannin Olamfik na farko a ƙasar Amurka. Abin da ya sa nake fifita shi ba girma ba ne. A 1971 masu zaɓe na birni da gunduma suka amince da wani ƙarin haraji a kan gidaje da filaye don ɗaukar nauyin gidan namun daji da gidajen tarihi, kuma albarkacin wannan tsari ne baƙon da ya zo daga wata duniya yake shiga manyan wurare 4 a cikin dandalin ba tare da an tambaye shi ko dala ɗaya ba. A wasu biranen Amurka, iyali mai mutum biyar zai kashe kuɗin kwana ɗaya na otal kafin ya wuce ƙofar gidan namun daji kaɗai.

Gidan namun dajin yana kudancin dandalin, a kan eka 90, da giwaye da dorinar ruwa da beyar ƙanƙara da birai iri-iri. Akwai wani rami na gilashi da ake bi ta cikinsa zakunan teku suna shawagi a saman kan mutum, akwai kuma ɗakin tsuntsayen ƙanƙara inda sanyi da ƙarnin kifi ke dukan fuska tun daga ƙofa, katangar gilashin kuma gajeruwa ce har ruwan da suke fantsamawa yana jiƙa rigar yara. Ƙaton kejin tsuntsayen da Cibiyar Smithsonian ta gina don bikin 1904 yana nan, ana shiga cikinsa a yi yawo, kuma sayensa da birnin ya yi bayan bikin shi ne mafarin gidan gaba ɗaya. Abin da ake biya shi ne ƙaramin jirgin ƙasa na zagaye, da wasan zakunan teku, da filin ajiye mota. Wanda ya zo da sassafe yakan sami wuri kyauta a gefen titunan dandalin.

Daga nan tafiya kaɗan ce zuwa Gidan Kayan Fasaha da ke kan tudun Art Hill, ginin da Cass Gilbert ya zana don bikin 1904, wanda aka sassaƙa a goshinsa cewa kyauta ne ga kowa. A ciki akwai gawarwakin Misira na dā, da dardumomin Turkiyya, da sassaƙe-sassaƙen Afirka ta Yamma, da tarin zanen Bajamushe Max Beckmann da babu kamarsa a duniya. Ana rufe shi ranar Litinin, nune-nune na musamman kuma ana biya, in ban da Juma'a. Daga gaban ginin, inda mutum-mutumin Sarki Louis yake kan doki, tudun yana gangarawa zuwa wani tafki mai maɓuɓɓugai, kuma da la'asar iyalai ke shimfiɗa tabarmi a kan ciyawa. Gidan Tarihin Missouri yana arewa, dab da tashar jirgi, yana ajiye da kayan matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh, wanda attajiran garin suka ɗauki nauyin tashinsa daga New York zuwa Paris a 1927. Kada kuma baƙon Afirka ya ruɗu da kirarin da ake yi wa bikin 1904, domin a cikinsa an baje mutane 'yan Filifin da 'yan Kwango, ciki har da Ota Benga, ana biya ana kallonsu. Na huɗun ita ce Cibiyar Kimiyya, mai gada rufaffiya a saman babbar hanyar I-64, inda yara ke auna gudun motocin da ke wucewa ƙarƙashinsu da na'urar 'yan sanda. Da bazara kuma akwai Muny, dandalin wasan kwaikwayo na fili mai kujeru kimanin 11,000, wanda layukansa na baya, kusan kujeru 1,500, kyauta ne ga wanda ya riga zuwa.

Central West End tana manne da gabashin dandalin, titin Kingshighway ne kawai ya raba su. Titin Euclid shi ne ƙashin bayanta, da gidajen abinci da shagunan littattafai da kantin kayan masarufi, kuma saboda asibitin Barnes-Jewish da makarantar likitanci suna nan, ba a rasa ma'aikatan jinya da ɗalibai a kan titi dare da rana, abin da ke ba baƙo natsuwa. Tashar jirginta tana cikin harabar asibitin, layukan biyu duk suna tsayawa, don haka daga filin jirgin sama ba sai an canza jirgi ba. A titin Lindell akwai babbar majami'ar Katolika da aka fara ginawa a 1907, wadda aka lulluɓe cikinta da ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi fiye da miliyan 41, aikin da bai ƙare ba sai 1988. Ko don sha'awar aikin hannu ya kamata a leƙa. Masallacin Bilal yana titin West Pine, kusa da Jami'ar Saint Louis, ba nisa ga mai neman Juma'a. Aibin unguwar biyu ne: ɗakuna ba su da araha, kuma jiniyar motar asibiti da jirgi mai saukar ungulu ba sa sanin dare. A nemi ɗakin da ba ya fuskantar Kingshighway. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya duba wajen DeBaliviere ko Skinker, a arewacin dandalin, inda tashoshin jirgi suke kusa.

Unguwa ɗaya ce ke iya ja da wannan zaɓi, wato South Grand da kewayen Tower Grove, kuma ta hanyar abinci take ja. A 'yan layuka kaɗan akwai abincin Habasha da na Farisa da na Labanan da na Biyetnam, akwai kantin Jay International inda mai girki da kansa zai sami doya da agada da manja da barkono mai zafi. Dandalin Tower Grove mai eka 289 kyauta ce daga attajiri Henry Shaw a 1868, shi ne kuma ya kafa Lambun Tsirrai na Missouri a 1859, wanda ake biya kafin a shiga, kuma yana cikin wurare ƙalilan da nake ganin kuɗinsu halal ne, saboda lambun Japan mai eka 14 da rumfar Climatron ta 1960 mai ɗumi da damshi irin na kurmi. Can kudu a Bevo Mill, 'yan Bosniya da yaƙi ya koro a shekarun 1990 sun kafa mahauta da gidajen burodi da masallatai. Abin da ya kayar da South Grand shi ne jirgi ba ya zuwa, sai bas mai lamba 70 da ke bin titin Grand. Mai zaman wata da watanni wanda ke da mota ya zaɓe ta. Mai kwana uku ya je ya ci abinci ya koma.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan muhimmanci. An taɓa tallata mini ɗaki a intanet, da hotuna masu kyau da kuɗin da bai kai na maƙwabta ba, mai tallar ya ce aiki ya kai shi wata jiha, amma in tura kafin alƙalami zai aiko da lambar buɗe ƙofa. Adireshin na gaske ne, gidan jan bulo mai hawa biyu yana nan kamar yadda yake a hoto. Da na ƙwanƙwasa, wata dattijuwa ce ta buɗe, ta dubi akwatina, ta ce ba ta taɓa ba da haya ba, kuma ba ni ne na farko da ya tsaya a ƙofarta da kaya ba. Lambar wayar mai tallar ta daina shiga tun a daren. Hotunan, ashe, daga tsohuwar tallar sayar da gidan aka kwafe su.

Alamomin wannan sana'a ba sa canzawa. Kuɗin yakan yi ƙasa da na unguwa ƙwarai. Mai gidan kullum ba ya gari: ko soja ne a ƙasar waje, ko mai wa'azi, ko yana jinyar mahaifiyarsa. Kullum akwai wasu mutum biyu da ke son ɗakin, don haka a yi sauri. Sannan, ko da a kan sanannen dandali irin Airbnb aka haɗu, zai nemi a koma WhatsApp, a biya ta Zelle ko Cash App ko Western Union ko katin kyauta na kanti, da sunan zai rage kuɗin la'ada. Waɗannan hanyoyi halal ne a karan kansu, amma kuɗin da aka tura da su da wuya ya dawo, shi ya sa ɓarayi ke son su. Duk kuɗin da ya fita daga dandalin ya fita daga kariyarsa. Cinikin biri a sama ke nan, kuma ɗalibai sababbin zuwa, masu neman ɗaki tun suna gida kafin a buɗe makaranta a Agusta, su aka fi yi wa. Maganinsa shi ne a nemi mai gidan ya zagaya da waya a kiran bidiyo kai tsaye, ya fito waje ya nuna lambar gida da sunan titi. A duba sunan mai gidan a shafin ofishin kimanta haraji na birnin, wanda a buɗe yake ga kowa. In da hali a sauka otal kwana biyu, a je a ga ɗakin ido da ido. Kuma kada a sassauta don mai tallar ya yi sallama da Hausa ko ya ce shi ɗan gida ne, domin wanda ya san yadda muke jin kunyar tambayar ɗan'uwa takarda ya fi kowa iya amfani da ita.

Akwai kuma yaudarar da ba ta kai sata ba amma tana cin kuɗi. Talla za ta ce ɗaki yana da mintuna 10 zuwa Arch, ba za ta ce a mota ne, a kan babbar hanya, da tsakar dare ba. Wata za ta nuna hoton bakan ƙarfen daga taga, alhali daga hayin Illinois aka ɗauka. A liƙa adireshin a taswira, a zaɓi tafiyar ƙafa zuwa tasha mafi kusa, a ga abin da zai fito. Wurare da yawa na gundumar ba su da ma hanyar masu tafiya a ƙasa. Haka nan akwai shafukan da ke kwaikwayon shafin otal, su fito a saman sakamakon bincike, su karɓi kuɗi da ƙarin caji, wani lokaci ma ba su kama ɗakin ba. A kira otal ɗin ta lambarsa a tabbatar da suna. A kuma sani cewa kuɗin da aka gani a talla bai haɗa da haraji ba, kuma otal zai riƙe wani adadi a kati har sai an tashi, abin da kan jefa mai katin bankin gida cikin matsala. Idan waya ta yi ƙara a ɗaki da dare aka ce daga teburin karɓar baƙi ne, katin bai wuce ba, a sake karanto lambar, a ajiye wayar a sauka ƙasa da ƙafa.

Batun tikiti ma haka yake. Babu tikitin shiga gidan namun daji ko gidajen tarihin Forest Park, don haka duk kunshin yawon buɗe ido da ya lissafa su cikin abin da aka biya, iska ya sayar. Tikitin Arch mai lokaci ne, yakan ƙare da wuri a lokacin hutun bazara, a saya a shafinsa na hukuma ko a ƙofa. Tikitin Cardinals da na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta St. Louis CITY, wadda ta shiga gasar MLS a 2023, a manhajar waya suke, saboda haka hoton tikiti da wani ke sayarwa a bakin titi yana iya kasancewa an sayar wa mutum goma. A ranakun wasa a kula da mai rigar ma'aikata da ke karɓar tsabar kuɗi a filin da ba nasa ba, domin bayan ya tafi motar jan motoci ce za ta zo. Liƙa lambar QR ta jabu a kan na'urar biyan kuɗin fakin ma an kama shi a biranen Texas, don haka a shafa a ji ko takarda ce aka manna. Mai motar haya kada ya bar ko jakar banza a kan kujera, fasa gilashi ya zama ruwan dare. Satar wasu samfuran Kia da Hyundai ta taɓa yin yawa har birnin ya kai kamfanonin biyu kotu a 2023.

Wani gargaɗin da baƙo zai ji tun ranar farko shi ne kada ya haye titin Delmar ya yi arewa. Wannan magana tana buƙatar tacewa. Gaskiya ne arewacin birnin ya fi talauci da kangwaye, kuma ba wurin da baƙo zai kama ɗaki a makance ba ne, amma hakan sakamakon shekarun da aka yi ana hana baƙar fata sayen gida a wasu unguwanni ne, kuma shari'ar Shelley da Kraemer, wadda Kotun Ƙoli ta karya ƙarfin yarjejeniyoyin wannan hani da ita a 1948, daga wani gida a titin Labadie na wannan yanki ta taso. A can ne unguwar The Ville take, da makarantar Sumner da aka kafa a 1875, sakandaren baƙar fata ta farko a yammacin Misisipi. A je da rana, tare da wanda ya san gari. Alƙaluman laifuka da ake yaɗawa kuma a tuna cewa a kan ƙaramar iyakar 1876 ake lissafa su, ba tare da unguwannin gundumar ba.

Lokacin zuwa mafi daɗi shi ne Afrilu zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Oktoba. Yuli da Agusta zafi ne mai gumi wanda ko ɗan Sakkwato zai yaba masa, a lokacin ne kuma layi ke tsawo a shagon Ted Drewes na titin Chippewa, inda ake kife kofin daskararriyar madara a gaban mai saye don ya ga ba ta zuba. Sai dai bazarar farko ita ce kakar mahaukaciyar guguwa. Ta 16 ga Mayu 2025 ta bi ta Forest Park da Central West End da arewacin birnin, ta kashe mutane, ta tumɓuke dubban itatuwa, don haka a tambayi mai masauki inda ake fakewa a ginin, kuma a tambaye shi ko hotunan tallarsa na bayan guguwar ne. Ana gwada jiniyar gargaɗi ranar Litinin ta farko a kowane wata da ƙarfe 11 na safe. In an ji ta a wani lokaci daban, a sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa nan take. Wanda ya sami mota ta yini ɗaya kuma ya haye kogi zuwa Cahokia a Illinois, tafiyar kimanin mil 8, inda 'yan asalin ƙasar suka gina babban birni da ya bunƙasa wajen shekarar 1100, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 1982. Ana hawa tudun Monks mai tsawon ƙafa 100 ta matakala, ba tikiti, amma babu inuwa a samansa, a tafi da ruwa da hula.